Kwashe tsofaffin kaset ɗin bidiyo zuwa faifan DVD: abin da za ka saya da abin da za ka bari a shago

Kafin ka taka kasuwa, sauko da kwalin kaset-kaset ɗin daga saman wadirof ka baje su a tabarma, domin su ne za su faɗa maka irin injin da za ka nema. Babban kaset da kowa ya sani shi ne VHS, wanda kamfanin JVC ya fito da shi a 1976, kuma a kansa akasarin bukukuwan aure, suna, saukar karatu da tarbar alhazai suke. Idan an rubuta E-180 a bayansa, awa 3 yake ɗauka. E-240 awa 4. Akwai ƙaraminsa mai suna VHS-C, na kyamara, wanda zarensa iri ɗaya ne da na babban. Shi ana saka shi ne a cikin wani gida mai siffar kaset, mai amfani da batir guda, sai a tura cikin injin bidiyo kamar kowane kaset. Sai kuma ƙanana sosai: Video8, Hi8, Digital8 da MiniDV. Waɗannan babu wani gida da zai sa su shiga injin VHS, duk wanda ya ce zai sayar maka da shi kuɗinka yake so. Kyamara ko inji irin nasu za ka nema musu.

Abu na biyu da za ka duba shi ne ƙasar da aka ɗauki kaset ɗin. Najeriya da Gana tsarin PAL suka bi, mai hoto 25 a daƙiƙa. Amurka da Japan NTSC ne, hoto kusan 30 a daƙiƙa, kuma kaset ɗinsu T-120 ake rubutawa a jiki. Faransa da Nijar SECAM suka yi amfani da shi. Ka saka kaset ɗin SECAM a injin PAL zalla, za ka ga mutanen amma babu kala, baƙi da fari kawai. Kaset ɗin da wani ɗan uwa ya aiko daga Amurka kuwa zai iya ƙin fitowa gaba ɗaya, ko murya ta canza. Idan kwalinka gauraye ne, injin da aka rubuta wa Multi System a goshi za ka nema; irinsu ne aka fi sayarwa a Saudiyya da Dubai. Sai dai akwai tarko a nan: injin PAL da aka rubuta wa NTSC Playback yana nuna kaset ɗin Amurka a talabijin lafiya lau, amma siginar da yake fitarwa gauraya ce, ana kiran ta PAL-60, kuma na'urorin ɗauka da yawa ba sa gane ta. A talabijin ga kala, a faifai babu. Don haka gwajin da za ka yi a kan na'urar ɗaukar za ka yi shi, ba a talabijin ba.

Injin bidiyon shi ne tushen aikin

Mafi yawan mutane suna kashe kuɗinsu a kan na'urar da za ta karɓi hoto, su haɗa ta da kowane tsohon injin da suka tsinta a ɗakin ajiya. Wannan an sa keke a gaban doki. Abin da injin bai karanto daga zare ba, babu wata kwamfuta da za ta ƙago shi. Idan kuɗinka kashi uku ne, biyu su tafi ga injin.

Sabo dai babu shi. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera injin VHS, ya daina a 2016. Na hannu za ka saya, ko a wajen masu kayan Beljiyam ko a shagon masu gyaran rediyo da talabijin, kuma shagon mai gyara ya fi, domin shi zai iya buɗewa ya nuna maka ciki.

Mafi kyau shi ne injin S-VHS, wato ingantaccen samfurin VHS, ko da kuwa ba ka da kaset ɗin S-VHS ko ɗaya. Yana kunna VHS na yau da kullum, an ƙera shi da kayan da suka fi ƙarfi, kuma yana da mafitar S-Video, wani zagayayyen rami mai ƙananan huji huɗu. Amfaninsa shi ne, a kan zaren kaset haske daban yake, kala daban. Wayar nan mai kai ruwan ɗorawa tana cakuɗa su wuri guda, sai na'urar ɗauka ta sake wahalar raba su, shi ya sa kake ganin ɗigo-ɗigo suna tafiya a gefen jar hula ko a kan atamfa mai zane. S-Video tana kai su a rabe. Ita hoto kawai take ɗauka. Murya sai ka haɗa fara da jar waya.

Daga nan sai TBC, wata da'ira da ke gyara lokacin kowane layin hoto. Zaren kaset yana miƙewa da tsufa, kuma injin ba ya juyawa daidai ɗari bisa ɗari, don haka layukan ba sa zuwa a jere. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana haƙuri da wannan, na'urar zamani ba ta yi. Alamarsa ita ce ƙofar gida ko sandar lantarki ta riƙa lanƙwasa kamar maciji, saman hoto ya karkace gefe, ko hoton ya ɗauke ya dawo. Injinan JVC irin su HR-S7600 da HR-S9600, da na Panasonic irin su NV-FS200 da NV-HS1000, suna da TBC a ciki. Samunsu yana da wuya, kuma wanda ya san darajarsu ba ya sakin su da arha. Idan ba ka samu ba, akwai dabarar da masu wannan aiki suka daɗe suna yi: a nemi na'urar ɗaukar DVD ta Panasonic samfurin DMR-ES10 ko DMR-ES15, a sa ta a tsakiya. Waya ta fito daga injin bidiyo ta shige ta, wata ta fita daga gare ta zuwa kwamfuta. Ba sai ta ɗauki komai ba, ko da ma'ajin faifanta ya mutu za ta yi. Wucewar siginar ta cikinta kaɗai yana miƙar da layukan.

Ka duba kuma an rubuta Hi-Fi, alamar ingancin murya, da 4 Head ko 6 Head, wato yawan kan da ke karanta zare. Kaset da yawa na gida an ɗauke su a LP don awa 3 ta zama 6, kuma injin mai kai biyu sau da yawa ba ya iya kunna su da kyau, wani ma ba shi da LP ɗin sam.

A shago kada ka yarda da "ai yana yi". Tafi da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, a kunna shi minti 20 cur, domin wasu matsalolin sai injin ya ɗumama suke fitowa. A tura gaba, a tariyo baya har ƙarshe, a fitar a mayar sau uku ko huɗu. Sannan ka danna ɗan maɓallin da ke gefen kaset, ka ɗaga murfin gabansa ka kalli zaren. Idan gefensa ya yi tattara kamar bakin zani, robar da ke matse zaren ta taurare ko sandunan da ke jan sa sun goce, kuma haka zai yi wa kaset ɗin bikin iyayenka. Idan zaren ya rage a waje lokacin fitarwa, bel ko robar da ke juya faifan naɗi ce ta saki. Bel da roba mai gyara zai iya canza su. Kan da ya cinye kuwa, bar musu kayansu. Ka dage a ba ka rimot, domin a injina da yawa gyaran tirakin (daidaita kai da zare don hoto ya daina rawa) da zaɓin murya a jikinsa kawai suke. Ka juya bayan injin ka karanta: idan 120V ko 100V aka rubuta, na Amurka ne ko Japan, wutarmu ta 230V za ta ƙone shi nan take sai da tiransifoma mai rage wuta.

Hanya ta farko: na'urar ɗaukar DVD

Wannan ita ce ta wanda ba ya son hulɗa da kwamfuta. Waya daga mafitar injin bidiyo zuwa mashigar na'urar, ka zaɓi AV1 ko AV2, ka saka faifai, ka danna ɗauka, ka danna kunnawa. Injinan Turai galibi babban soket mai fil 21 ne da su, SCART. Idan za ka yi amfani da ɗan kan da ke mayar da shi wayoyi uku, duba ƙaramin makunnin da ke jikinsa: a ɓangaren injin bidiyo OUT, a ɓangaren na'urar ɗauka IN. Rabin "babu hoto" daga nan yake.

Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya 4.7GB yake ɗauka. Na'urar za ta ba ka zaɓi: XP awa 1, SP awa 2, LP awa 4, EP awa 6 ko fiye. Tsaya a XP ko SP. Hoton VHS cike yake da tsaki-tsaki, kuma na'urar tana ɓata wuri wajen adana tsakin kamar shi ma hoto ne. Idan ka matsa awa 4 a faifai guda, da zarar an fara rawa ko dawakai sun taso a hawan sallah sai fuskoki su farfashe su koma murabba'i-murabba'i. Kaset ɗin E-180 raba shi faifai biyu, minti 90 kowanne. Na'urorin Panasonic suna da FR, inda za ka rubuta tsawon lokacin ita kuma ta cika faifan daidai. Wadda ke da rumbun ajiya a ciki ta fi, saboda za ka ɗauka a can, ka yanke wuraren da mai kyamara ya manta yana ɗaukar ƙasa, sannan ka buga a faifai kwafi nawa kake so.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mantawa da rufe faifan. Bayan ɗauka akwai umarni a jerin zaɓuɓɓuka mai suna Finalize. Idan ba ka yi shi ba, faifan ba zai yi a ko'ina ba sai a na'urar da ta ɗauke shi, kuma idan ta lalace ka shiga uku. Yi shi a ranar. A wajen saye ma, kada gwajin ya tsaya a karanta faifai. A ɗauki minti 10, a rufe, a gwada a wata na'ura, domin fitilar da ke rubutu ita ce ke fara rauni.

Injin nan mai haɗe da VHS da DVD a jiki ɗaya, mai maɓallin kwafi guda, yana da sauƙi, amma ɓangaren kaset ɗinsa yawanci na arha ne, kuma babu inda za ka sa TBC a tsakani. Idan kaset ɗinka masu lafiya ne kuma ba su wuce goma ba, zai yi.

Hanya ta biyu: kwamfuta

Ta fi wahala, ta fi kyau, kuma ita ce ke bar maka fayil ɗin da za ka sake bugawa ko ka tura wa dangi a waya. Abin da ake buƙata ɗan makama ne mai shiga USB, mai wayoyin ɗorawa, fara, ja da S-Video a ɗaya gefen. Kasuwa cike take da masu arha da ake kira EasyCAP. Sunan ɗaya ne amma cikin kowanne daban, wani ya yi, wani ya wanke kala, wani ya bar murya a baya, kuma ba ka sanin wanda ka saya sai ka je gida. Waɗanda aka daɗe ana yabo su ne I-O Data GV-USB2 da Hauppauge USB-Live2. Ka guji akwatin da ke mayar da wayoyi uku zuwa HDMI yana alkawarin 1080p. VHS layi kusan 240 ne kaifinsa. Akwatin zai buɗa hoton ne kawai, ya miƙe shi gefe har mutane su yi faɗi, kuma abin da ya ɓata ba ya gyaruwa.

A manhajar ɗauka, VirtualDub ko AmaRecTV ko OBS Studio, saitin kaset ɗin PAL shi ne 720x576, hoto 25 a daƙiƙa, siffa 4:3. Na NTSC 720x480, hoto 29.97. Murya 48kHz, domin ita DVD ke karɓa. Kada ka canza NTSC zuwa PAL. Ɗauke shi yadda yake, akasarin na'urorin kallon DVD da ke gidajenmu suna kunna duka biyun. Idan ka ga hoton kamar haƙoran mataji a gefen abin da ke motsi, ba lalacewa ba ce, haka bidiyon talabijin yake, rabi-rabi ake saƙa shi. Bar shi haka idan faifai za ka buga. Siririn layin da ke rawa a can ƙasan hoto ma na kowane VHS ne, tsohuwar talabijin ce ke ɓoye shi.

Wurin ajiya: ɗauka ba tare da matsewa mai asara ba, da Lagarith ko HuffYUV, tana cin kimanin 30GB zuwa 40GB a awa. Tsarin DV, wanda ke matse hoton, yana cin 13GB a awa. Kaset 20 na awa 3 awa 60 ke nan, wato kusan 780GB a DV, don haka rumbun waje na 1TB shi ne mafi ƙanƙanta da za ka saya.

Murya da ke gudu ta bar baki, ko baki ya riga ta, tana faruwa ne idan kwamfuta tana zubar da hotuna a hanya. A farkon kaset ba ka lura, a awa ta biyu sai ka ga liman ya shafa fatiha kafin a ji ya fara addu'a. Dalili biyu ne: sigina marar TBC, ko kwamfutar tana wani aikin. Kashe intanet, hana ta barci, rufe komai, ka sa makamar a ramin USB na jikin kwamfutar kai tsaye. Idan kuma kana jin gurnani a ƙarƙashin murya ko wani faffaɗan layi yana hawa a hankali, daga wuta ne. Zare cajar laftof ka bar ta a batir, sau da yawa shi ke nan.

Ga kaset ɗin MiniDV da Digital8 ba a bi ta wannan makama. Su lambobi ne tun asali, ana kwafe su ne ta wayar FireWire, wadda Sony ke rubuta wa i.LINK, ba tare da asarar komai ba. Kwamfutar teburi ana sa mata katin FireWire. Wayar da aka ce tana mayar da FireWire zuwa USB ba ta aiki. Kyamarorin Digital8 da yawa suna kunna Video8 da Hi8 su fitar ta wannan hanya, amma ba duka ba, sai ka gwada da kaset ɗinka.

Bayan ɗauka, DVDStyler ko AVStoDVD za su mayar da fayil ɗin faifan da na'urar gida ke kunnawa. A saitin ingancin hoto (bitrate), minti 90 ka ba shi kimanin 6.5Mbps, awa 2 kimanin 4.8. Kada ka tsorata idan kwamfuta ta nuna faifan 4.37GB, lissafin ne ya bambanta.

Kaset ɗin kansa

Leƙa ta tagar kaset. Idan ka ga farin abu kamar gari ko auduga a kan naɗin, fumfuna ce, kuma wanda ya kwana da damina a ɗaki mai laima ba ya rasa ta. Kada ya shiga injinka mai kyau: zai toshe kan, ya kuma shafa wa na bayansa. Ware su, ka nemi wani injin na banza don su, ko ka kai wa mai gyara ya buɗe ya goge. Sauran kuma, ɓalle ɗan harshen roba da ke bayan kowanne kafin ya shiga inji, don ko hannu ya kuskure ya danna ɗauka ba zai goge ba. Tura shi gaba har ƙarshe ka tariyo sau ɗaya, zaren da ya shekara 20 a naɗe ya saki jiki. Wanda aka ɗauko daga but ɗin mota ko ɗaki mai sanyin na'ura, bar shi ya kwana a ɗakin da za a yi aikin.

Zaren da ya tsinke kada a liƙa shi da salatif. Gam ɗin zai tsattsafo ya manne a kai. Gidan kaset kusoshi biyar ne. Ana buɗewa a raba naɗin gida biyu, kowane rabi a ɗaura shi a nasa gidan, a yi asarar daƙiƙa kaɗan.

Idan hoto ya koma yayyafi alhali murya tana fita, kan ya yi datti, abin da ke yawan faruwa da ƙurar hunturu da tsofaffin zare. Zare wuta, buɗe murfi, za ka ga ganga mai sheƙi a karkace. Jiƙa guntun farar takarda da sinadarin isopropyl mai ƙarfin 90 cikin 100 ko fiye, ɗora a jikin gangar da yatsa ba tare da dannawa ba, ka juya gangar a hankali da ɗaya hannun. Takardar ba ta motsi, musamman sama da ƙasa, domin kan siriri ne kamar tsinin allura, yana karyewa. Auduga tana maƙalewa a jikinsa. Jira minti 10 ya bushe.

Kaset ɗin fim na kamfani wani lokaci yana da kariyar Macrovision, hoto ya riƙa haske yana duhu ko na'urar ta ƙi ɗauka. Wannan haƙƙin masu shi ne. Na bikin gidanku ba shi da ita.

Wuta da faifai

Aikin nan ba ya gaggawa: kaset ɗin awa 3 awa 3 zai ci. Idan aka ɗauke wuta na'urar DVD tana tsakiyar rubutu, faifan ya tafi, kaset kuma ya maƙale da zarensa naɗe a ganga. Ka dogara da inbata ko sola, ko ka sa UPS tsakanin kayan da janareta. Injin bidiyo da na'urar DVD ba su da cin wuta, kowanne bai fi wat 20 zuwa 40 ba, talabijin ɗin ce mai ci.

DVD-R ya fi DVD+R shiga tsofaffin na'urori. Sayi mai suna irin Verbatim, ka kula da jabu, ka buga a gudun 4x ko 8x ko da an rubuta 16x, ka sa manhajar ImgBurn ta tantance bayan bugu. Rubuta suna da shekara da alƙalamin faifai mai laushi. Takardar mannawa tana sa shi rangaji a cikin na'ura. Faifan da aka buga a gida rini ne a cikinsa, rana da zafi suna cinye shi, don haka kowane kaset a yi masa faifai biyu, ɗaya ya tafi wani gidan, fayil ɗin ya zauna a rumbun waje. Kaset ɗin ma a mayar da shi gidansa a tariye, a jera a tsaye kamar littattafai, nesa da lasifika da bangon da ke tsattsafo da ruwa, domin ranar da ka samu injin da ya fi wannan za ka so ka sake ɗauka.